Dalma a Garejin Gyaran Mota: Jan Hankali ga Iyaye da Masu Sana'a

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu sarauta, malamai, 'yan'uwa 'yan asalin Bauranya mazauna birane, ina yi muku barka da zuwa gida.

Da yawa daga cikin yaran da na koyar a firamare, yau suna gareji a Kano da Katsina da Kaduna. Wasu na gyaran jikin mota, wasu na like lagireto, wasu na gyaran batir. Sana'a ce mai albarka, amma akwai maƙiyi a cikinta wanda ido ba ya gani, wato dalma.

Kafin zuwan fotin roba, da dalma haɗe da kuza ake cike lotsawar mota. Har yau masu farfaɗo da tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, sukan koma gare ta domin ƙarkonta. Dalma na narkewa a zafin digiri 327 kacal, shi ya sa take da sauƙin sarrafawa. Haɗarin yana cikin tururinta idan wuta ta yi yawa, da kuma ƙurarta idan aka goge ta da inji.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, an riƙa niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Ba su shiga rami ba, ƙurar ce ta iske su a tsakar gida. Haka nan bakanike yake kai ta gida a rigarsa da farcensa. Yaron da ya tsira kan tashi da raunin ƙwaƙwalwa, a aji mu ɗauka daƙiƙanci ne, alhali guba ce.

Don haka ina kira ga 'ya'yanmu: ku yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. Ku kankare dalma da magagari, kada ku sa mata injin guga. Ku sa takunkumi mai matatar ƙura, domin ƙyalle ba ya tare ta. Ku jiƙa ƙasa kafin shara. Kada ku ci goro ko abinci sai kun wanke hannu da sabulu. Ku bar kayan aiki a gareji, kada uwargida ta wanke su tare da na yara. Shan madara kuwa ba ya fitar da dalma daga jini, sai gwaji da magani a asibiti.

Ku kuma iyaye daga Kankia zuwa Kusada, kafin ku miƙa yaro koyon sana'a, ku je ku ga wurin da idonku. Ina roƙon wannan ƙungiya ta tanadar wa 'ya'yanmu masu koyo takunkumi da safar hannu, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.