Jawabi a kan Lafiyar Masu Ciki da Jarirai a Birnin Kano

Hakimai da masu unguwanni da sauran ma'aikata.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo birni a 1931, aka buɗe Makarantar Tsabta a 1932. Asibitin En'e na Ƙofar Mata kuwa shi ne Asibitin Murtala na yau. Magabata sun gina, saura mu kai iyalinmu.

Ku gargaɗi magidanta, kada su hana mai ciki zuwa awo. In naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, kada ungozoma ta jira wayewar gari. Mai jego ta rage kunun kanwa, gama yana raunana zuciya. Jariri kuma a kai shi allurar rigakafin ƙyanda da shan-inna.

Allah ya raya mana zuriya. Haza wassalam.