Zanga-zangar Da Ta Hana Shugaban Amurka Tazarce

Zancen yau na ƙasar Amurka ne, da abin da ya faru can a 1968.

A lokacin, Amurka tana yaƙi a wata ƙasa mai nisa, sunanta Biyetnam. Sojojinta da ke can sun haura 500,000. Da yawansu ba don son ransu suka tafi ba. Doka ce: saurayi in ya kai shekara 18, ana iya kiransa soja ko ya so ko ya ƙi. Amma a yawancin jihohi ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya kai 21. Ku duba wannan rashin adalci. Ya isa mutuwa, bai isa zaɓe ba.

Gawawwaki suka yi ta dawowa gida. 'Yan makaranta da iyaye mata da malaman addini suka fara fita kan titi suna cewa a tsai da yaƙi. A watan Oktoba na 1967 dubban mutane suka yi jerin gwano har ƙofar hedikwatar sojoji. Gwamnati ta ce nasara ta kusa. Sai ga shi a ƙarshen Janairu na 1968 abokan gaba sun kai hari birane da yawa a lokaci guda. Jama'a suka gane ba a gaya musu gaskiya ba.

Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Lyndon Johnson. Wani ɗan majalisar dattawa na jam'iyyarsa, Eugene McCarthy, ya fito takara don ƙin yaƙin. Samari masu zanga-zanga suka aske gashi, suka sa tufafi masu tsabta, suka bi gida-gida suna nema masa ƙuri'a. A zaɓen fid da gwani na jihar New Hampshire ya sami kashi 42 cikin ɗari. Bai ci ba, amma ya girgiza fadar shugaban. Ran 31 ga Maris, Johnson ya fito a talabijin ya ce ba zai sake tsayawa ba.

To, amma ba a nan aka tsaya ba. Robert Kennedy, wanda shi ma yake ƙin yaƙin, aka harbe shi a watan Yuni. A taron jam'iyya a birnin Shikago 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zanga duka, kowa yana kallo a talabijin. Jam'iyya ta rabu. Wasu talakawa kuma suka gaji da hargitsi, suka juya wa samarin baya. Richard Nixon na ɗaya jam'iyyar ya ci zaɓe da ratar ƙuri'a wajen 500,000 kacal.

Sojojin Amurka ba su gama barin Biyetnam ba sai 1973, bayan an rasa fiye da 58,000. 'Yan Biyetnam da suka mutu kuwa sun ninka haka sau da yawa. A 1971 aka gyara tsarin mulki, ɗan shekara 18 ya sami ikon jefa ƙuri'a.