Fitilar Teburi Ko Ta Tsaye? Jawabin Kwamitin Sayayya A Bikin Zagayowar Shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da masu gida da suka bar mu muka fito, barkanmu da sake ganin wannan rana a nan Yalwan Damai.

Maganar fitila muka zo da ita. Tun da aka fara ɗaukar adashin bana, ba mace ɗaya ba, ba biyu ba, ta nuna mana hoto a waya: fitilar nan mai hular gilashi kala-kala, ja da kore da ruwan ɗorawa, irin wadda ake gani a shagunan Kano. Tambayar ɗaya ce: "Ta teburi zan sa wa yarinya a kayan ɗaki, ko ta tsaye?"

Asalin wannan fitila zai faranta muku rai. Kamfanin Tiffany na birnin New York a Amurka ne ya yi suna da ita tun wajen 1900, kuma mata ne ke zaɓen gilashin suna yanka shi. Shugabarsu, Clara Driscoll, ita ta zana mai hoton ƙwaron nan mazari, wadda ta ci lambar yabo a baje kolin Paris na 1900. Ashe aikin hannun 'yan uwanmu mata ne. Na kasuwanninmu dai kwaikwayo ne, wasu ma roba ce aka yi wa fenti. Ki taɓa ki ji: gilashi yana da sanyi da nauyi, roba kuwa shafal take.

To, wacce za a ɗauka? Ta teburi gajera ce, haskenta yana zuba ƙasa a wuri ɗaya. Ta dace da gefen gado ko kan durowa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ta tsaye tana kai kafaɗar mutum, tana haska lungun falo, amma nauyinta a ka yake. Ɗakin da ake zama a tabarma, ga mai rarrafe, ga daɓe ba daidai ba, ture ɗaya ya isa. Gilashin nan guntu-guntu aka haɗa shi da tagulla da dalma, in ya tarwatse ba mai gyara miki shi a Birnin Kudu ko Gwaram. Saboda haka in ɗaki ɗaya ne kuma akwai yara, ta teburi muka fi ba da shawara. Ta tsaye sai mai falo da siminti lafiyayye.

Amma Yaya, Inna, mu faɗa wa juna gaskiya. Gilashi mai launi yana shanye haske. Yaro ba zai yi aikin makaranta a nesa da ita ba, ke ma ba za ki zura zare a allura ba. Kuma dukansu biyun sai da wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gida nawa ne ke tada janareto kullum? Fitilar da ba ta kamawa ranar da aka ɗauke wuta, kyan ɗan maciji ke nan, kuɗin ya tafi ga duhu.

Ga tsarin da muke roƙo a bi. A fara da fitilar sola mai farantinta, wadda za a ɗauka a kai madafa, a kai wurin karatun yara, a yi cajin waya da ita. A riƙa goge farantin, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi. Ita ce za ta raba mu da aci-balbal da hayaƙinta da fargabar gobara. In kuɗi ya ragu, sannan a zo kan ta kwalliya, a sa mata ƙwan caji, wanda ke ci gaba da haske ko an ɗauke wuta. Kada a biya sai an kunna a gabanki, an duba wayar, an girgiza gindin an ga ba ya rawa.

Rancen ƙungiya kuwa, mun yarda a ba da shi don sola, ban da fitilar ado. Wadda ke so ta rubuta sunanta wurin ma'aji kafin a tashi, mu haɗa mu sayo a sari, ya fi sauƙi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya sa albarka a cikin adashinmu, ya haskaka gidajenmu, ya nuna mana baɗi lafiya.