Karin Magana Huɗu Da Ya Kamata Mu Sake Taunawa

Wannan shiri na zuwa muku daga nan cikin birnin Katsina, ta Dikko ɗakin kara. 

Yau karin magana za mu tattauna. Kakanninmu sun bar mana su don su wa'azantar, amma wasu daga ciki an mayar da su marfin tukunya: da ka buɗe baki za ka yi ƙorafi sai a kifa maka ɗaya. Na zaɓo guda huɗu.

Ta farko: "Haƙuri maganin zaman duniya."

Gaskiya ce, ba musu. Tambayata ita ce, wa ake ba haƙurin? Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Kuɗin Keke Napep ya tashi, kwanon masara ya bi shi, magani ma haka. Aka ce a yi haƙuri. A watan Yuli 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. To, mai shayi da mai facin taya da ɗan dako a Babbar Kasuwa, su wa zai ƙara musu? Ai ba su da albashi.

Tun kafin wannan ma, a 2022, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya. Idan za a raba haƙuri, to a raba shi daidai. Wanda ya ce ka ɗaure ciki, duba nashi cikin ka gani. Kuma haƙurin da aka koya mana a islamiyya bai hana mutum neman haƙƙinsa ba.

Ta biyu: "Ba a mugun sarki, sai mugun bafade."

Wannan 'yan siyasa na sonta ƙwarai. Asibiti ba magani? "Ai mai girma bai sani ba, na kusa da shi ne." To wa ya naɗa na kusa da shi ɗin? In bai sani ba, matsala ce. In ya sani ya yi shiru, matsalar ta fi girma.

Mu nan ba sai mun je nesa neman misali ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, ranar da aka rantsar da shi a 2007, da bakinsa ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi akwai kura-kurai a ciki, daga baya ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyaran harkar zaɓe. Ya kuma fito da takardar kadarorinsa kowa ya gani. Ana iya saɓa wa mulkinsa a wasu wurare, amma a nan bai laɓe bayan bafade ba. Wannan ma'auni ya kamata mu riƙa ɗora kowa a kai, daga kansila har shugaban ƙasa.

Ta uku: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Muna girmama manya, wannan tarbiyyarmu ce. Amma akwai abin da yaro ke gani a ƙasa wanda na saman bene ba ya gani: layin neman aiki, kuɗin data, shekarun da yajin aikin jami'a ya cinye. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Mun yi murna. Sai ga 2022, jam'iyyar APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na majalisar jiha miliyan 2. Lokacin mafi ƙarancin albashi 30,000 ne. Ku yi lissafi: miliyan 2 albashin sama da shekara biyar ne, ba ci ba sha. Ko da rangwamen rabi da aka yi wa matasa, kusan shekara uku ke nan. An buɗe mana ƙofa, an kuma sa mai gadi yana tambayar kuɗin shiga. Daga nan ake samun ubangida, kuma wanda ya saya maka fom shi za ka yi wa aiki.

Ta huɗu kuwa kanmu ta juyo: "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Ranar zaɓe ana raba taliya, sabulu, atamfa, ko 'yan kuɗi a bayan rumfa. A ce an ba ka naira 5,000. Wa'adin mulki shekara huɗu ne, kwana 1,460 ke nan. Raba ka gani: bai kai naira huɗu a rana ba. Ko ledar ruwa ɗaya ba za ta saya ba. Ban raina yunwar kowa ba, wallahi. Uwar da yaranta suka kwana ba su ci ba, ba ni da bakin yi mata wa'azi. Amma mu da muka yi karatu, muke da waya a hannu, mu ne ake ba buhun mu raba. Wanda ya sayi ƙuri'a kuwa jari ya zuba, sai ya mayar da kuɗinsa har da riba, daga kuɗin makaranta da na asibiti.

To mene ne abin yi? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jiharmu na da ƙananan hukumomi 34. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ana wallafa abin da kowace ke samu daga asusun tarayya. Nawa ne a cikinmu suka taɓa dubawa? Nawa suka san sunan kansilan mazaɓarsu?

Ga aikin wannan makon. Nemo sunan kansilanku. Ku haɗu ku biyar a majalisarku ta unguwa, ku rubuta matsala guda ɗaya tak, magudanar ruwa ce ko rufin aji, ku kai masa cikin ladabi, ku riƙe kwafi, ku koma bayan wata guda. Wanda ba shi da katin zaɓe kuma, da zarar INEC ta buɗe rajista ya je. Zuwa da kai ya fi aike.

Ku turo mana karin maganar da aka fi rufe muku baki da ita, mu tauna ta tare a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya. Na bar ku lafiya.