Daga Bariki zuwa Ɗakin Bincike: Wa Zai Riƙe Abin da Aka Gano?

   Malamai, ɗalibai masu koyon aikin lafiya a nan Makarfi, da tsofaffin sojojin da suka amsa gayyata, barkanmu da yau.

An nemi in yi magana a kan mutumin da ya fara da kaki, ya shiga ɗakin bincike, daga baya aka damƙa masa ragamar ma'aikatar kimiyya. Ba sai mun tsallaka teku ba. Irin wannan mutum ya yi aiki a Kaduna, kuma cutar da aka kawo shi ya yaƙa ta taɓa tayar da ƙauyuka a ƙasar Anchau, wadda yau take Kubau, a da kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Ikara.

Me ya haɗa soja da madubin likita? A zamanin da Turawa ke cin ƙasashe, cuta ta fi harsashi kashe masu sojoji. A 1880, a asibitin soja na Kustantina ta Aljeriya, likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana motsi cikin jinin wani majinyaci. A 1895 likitan sojan Ingila David Bruce ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa ƙudan tsando ke yaɗa sammore a shanu, a 1903 kuma ya nuna a Uganda cewa irin ƙudan ne ke kawo wa mutane ciwon barci. Don ƙarfafa mulkin mallaka aka tura su, kada mu ɓoye wannan. Amma ilimin da suka tono ya zama na kowa, da shi ake warkar da 'ya'yanmu har yau.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa masarautar Zazzau mummunan kamu. Ma'aikatan lafiya na shiga gari, mai unguwa ya tara jama'a, a jera su layi. Ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalubar wuya. Wanda aka ji masa kaluluwa sai a ware shi, a soka allura a zuƙo ɗigon ruwanta, a shafa a gilashi, a duba a madubi. In an ga ƙwayar tana wutsil-wutsil, an shiga jerin masu karɓar allura ke nan, makonni ana yi. Ɗaya daga magungunan lokacin, Tryparsamide, yakan taɓa wa wasu gani. Da aka lura magani kaɗai ba ya hana cutar dawowa, sai aka koma kan ƙudan. Ƙarƙashin masanin ƙwari T. A. M. Nash aka sassare kurmin bakin rafuffuka inda yake fakewa, aka kwashe kusan mutum 5,000 daga ƙananan ƙauyuka zuwa sababbin matsugunai, aka gina rijiyoyi, aka zana sabon gari kusa da Anchau mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya. Cutar ta lafa. Sai dai saran kurmin aikin dole ne, kuma ba a nemi shawarar wanda aka raba da gonar kakansa ba. Duk mai yabon wannan aiki ya riƙa faɗin wannan ɓangaren ma.

Abin da ya faru bayan nan shi ne zuciyar maganata. An gane cewa kamfe na 'yan shekaru ba zai wadatar ba, ana bukatar gida na dindindin. A 1947 aka ɗora wa Kanar H. W. Mulligan aikin kafa cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Afirka ta Yamma, hedikwata a Kaduna, reshe a Vom. Mulligan likitan soja ne da ya shafe shekaru a Indiya yana binciken zazzaɓin cizon sauro, har ya shugabanci cibiyoyin bincike a can. Bayan Kaduna ya koma Ingila, ya riƙe babban sashe a ɗakunan binciken kamfanin magunguna na Wellcome. Nash ne ya gaje shi a Kaduna. A 1964 cibiyar ta zama ta Nijeriya, ita ce NITR da ke Kaduna yanzu.

Ba a tuna Mulligan da gano wata ƙwaya mai ɗauke da sunansa. Aikinsa na Kaduna shi ne wanda ba a yi wa tafi: a samu fili, a samu ruwa da wuta, a ɗauko masana a zaunar da su, a horar da mataimaka, a ware kuɗin abincin dabbobin gwaji da na kiwon ƙudan tsando a keji, a tabbatar littafin da ake rubuta sakamako bai tsallake rana ba. A ganina wannan mataki na uku bayan kaki da ɗakin bincike, wato riƙo, shi ne mafi wuya, kuma a nan muka fi rauni.

Ku dubi namu. Birgediya Janar Oviemo Ovadje, likitan sojan Nijeriya, ya ƙirƙiro na'urar da ake kira EATSET. Ɗalibai, ku saurara da kyau. Mace ce aka kawo da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini ya taru a cikinta. Babu jini a ajiye, 'yan'uwa na can suna neman wanda jininsa ya dace. A da likita kan kwashe jinin da ya taru, ya tace shi da ƙyallen bandeji, ya mayar mata. Ovadje ya mai da wannan dabara rufaffiyar na'ura mai zuƙo jinin, ta tace, a mayar wa mai shi, ba tare da wutar lantarki ba. Ya samu lambobin yabo a gida da waje. To, a asibitocin karkara nawa kuka taɓa ganinta? Sojan ya yi nasa, mai binciken ya yi nasa. Wanda zai kafa masana'anta, ya sa farashi, ya shigar da ita cikin kasafin sayayyar asibitoci, shi muka rasa.

Ga wani misali da ke ci mini rai. An kafa DICON, masana'antar kayan yaƙi ta Kakuri, a 1964. Shekara biyar bayan haka, a 1969, Burazil ta kafa kamfanin ƙera jiragen sama na Embraer, ta miƙa shi ga Ozires Silva, hafsan sojan sama kuma injiniya, wanda ya jagoranci ƙera jirgin Bandeirante. Ya riƙe kamfanin fiye da shekara goma sha biyar a jere. Jiragen yaƙi na Super Tucano goma sha biyu da Nijeriya ta karɓa a 2021 ƙirar Embraer ne. Basira ba ta ƙare mana ba. A Kaduna aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018, aikin injiniyoyin sojan samanmu. Amma a tsarinmu hafsa kan riƙe ma'aikatar fasaha shekara biyu ko uku, yana fara gane kanta sai takardar canjin wurin aiki ko ta ritaya ta iso. Dashen da ake tumɓukewa kowace damina yaushe zai yi 'ya'ya?

Kada a ɗauka ina cewa kaki kaɗai ke gyara ma'aikata. Bariki na koyar da abubuwa masu daraja: kula da kayan aiki kafin su lalace, rubuta abin da ya faru a kan lokaci, da sanin wanda alhakin kowane abu ke wuyansa. Yana kuma koyar da ɗabi'ar da ke kashe bincike, wato "an ba da oda". Ƙwayar cuta ba ta jin oda. Dole ƙaramin ma'aikaci ya iya duban kanar ya ce, "Ranka ya daɗe, sakamakon bai nuna haka ba," ya kuma kwana da aikinsa. Hafsan da ya iya sauraron wannan magana shi ya cancanci kujerar darakta.

Yanzu mu dawo gida. Daga nan zuwa Zariya tafiyar ƙasa da awa guda ce. Can Depo yake, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Can cibiyar binciken aikin gona ta Samaru take, da ta binciken sinadarai a Basawa. Mu kuma nan muna da rake da duk Arewa ta san shi, muna da masu mazarƙwaila da ke tsaye kan wuta tun asuba, muna da tumatir na fadamun Kudan da Hunkuyi da ke ruɓewa a kwando idan kasuwa ta cika. Kamfanin tumatir na Ikara, da aka kafa a farkon shekarun 1980, ya yi shekaru masu yawa a rufe alhali manoma na nan, tumatir na nan.

A cikin 'ya'yanmu da ke dawowa daga soja akwai makanikai, masu aikin lantarki, ma'aikatan jinya da masu gyaran na'urorin sadarwa. Da yawansu gadi muke ba su. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan su buɗe rajista, a rubuta sunan kowane tsohon soja da sana'ar da ya koya a bakin aiki. Daga cikinsu a zaɓi masu kula da injinan asibiti, firjin ajiye allurar rigakafi, famfunan sola da injinan matse rake, a ba kowa littafin rubuta gyara, a bar shi a wurin aƙalla shekara biyar kafin a yi zancen canza shi. Ku kuma matasa masu shirin zuwa Depo, in an tambaye ku sashen da kuke so, ku tuna akwai na injiniya, na sadarwa da na lafiya.