Sallar Bazara da Abin da Za Mu Bar wa Ɗalibanmu

 

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi kan taso daga bazara ya koma hunturu, ya ratsa kaka da damina, sai bayan shekara 33 ya dawo inda ya faro. Muna 'yan firamare aka yi Ƙaramar Sallah ta 1991 a watan Afrilu, ta 2024 ma a Afrilu ta faɗo. Ke nan ɗalibanmu sun ɗanɗani irin azumin da muka taso a cikinsa, na zafin rana da nunar mangwaro, iyaye na sharar gona suna kai taki da bakin azumi.

Abin da ba su tarar ba shi ne daren wancan zamani. Da azumi ya kwana goma, ana idar da asham unguwa ta zama ta yara. Mu 'yan ƙasar auduga gemun tashe bai taɓa yi mana wuya ba: mu liƙa auduga a haɓa, mu cusa tsumma a ciki, mu bi gida-gida muna kwaikwayon marowaci da malalaci. 'Yan mata kuwa su kifa ƙwarya a kan ruwa suna kaɗawa. Uwar gida ta yi dariya ta ɗebo dawa ko masara ta zuba mana. A wannan wasa muka koyi tsayawa gaban manya mu yi magana, muka kuma gane halin da jama'a ke ƙi tun kafin a rubuta mana shi a allo.

Ranar jajibere a auna zakkar kono a gabanmu, a aike mu da ita gidan wanda ba shi da shi. Bayan an sauko Idi mu ɗauki kwanukan tuwo mu raba wa maƙwabta. A ƙasar Malumfashi da Ƙafur har gidajen Kirista kwanon ke shiga, su ma idan Ista ta zo, wadda ita kullum a bazara take, nasu ya shigo mana. Daga nan sai yawon Sallah gidan kakanni, a tsokane mu a ba mu goron Sallah.

Yau fa? Tun da aka sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara a Disamban 2020, wane uba ne zai saki ɗansa yawon dare da kwanciyar hankali? A azuzuwanmu na Funtua akwai yaran da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa, sun baro gidan kakan da ake zuwa gaishewa. Tsadar hatsi kuma ta sa hannun uwar gida ya yi nauyi. Babu wanda za a zarga cikin iyaye, amma al'adar da aka daina yi shekara goma a jere ta kama hanyar ɓata.

Don haka muna roƙon reshe ya ɗauki wannan a matsayin aiki. Kowane malamin Hausa ya tura ɗalibansa su tambayo tsofaffin gidansu yadda aka yi tashe da Sallah a garinsu, su rubuto da hannunsu. Kafin hutun azumi a ware yini guda a yi tashen da rana a filin makaranta, a gayyato iyaye, a ba yaran da suka yi gudun hijira dama su nuna irin na ƙauyensu. Abin da aka tara reshe ya adana shi.

Azumi ya riga ya nufi hunturu, ba zai sake cika wannan zagaye ba sai wajen 2057. A lokacin, yaran da ke gabanmu yau sun kai shekarunmu, 'ya'yansu kuma za su tambaye su yadda ake Sallar bazara. Mu ba su abin da za su faɗa.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.