Maganar lilon lakwal da faɗuwar yara

(Jawabin da wani ɗan gari, tsohon majo, ya yi a taron ƙungiya na bayan girbi. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ke wajen biɗa su san inda magana ta tsaya.)

Mai gari, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya, da ƴan'uwa da suka zo daga Yamai da Agadas da Abijan, ina gaishe ku duka. Ina neman gafara, don zan yi magana gaban waɗanda suka haife ni.

Abin da ya sa na roƙi a ba ni fili shi ne maganar lilo. Kun ji sakatare ya karanta wasiƙar ƴan'uwanmu na Abijan. Sun tara kuɗi, suna so a kafa wa yaran lakwal lilo na ƙarfe da abin zamiya irin wanda suke gani a birni, a kuma yi daɓen siminti ƙarƙashinsu don wurin ya yi tsabta. Allah ya saka musu da alheri. Lilon ina so a yi shi. Daɓen simintin ne nake roƙo a janye, kuma zan faɗi dalili.

Yaro ba ya girma bai faɗi ba. Duk wanda ke zaune nan, in ya ɗaga wando, za a ga tabo a gwiwarsa. To, amma a shekarun da na yi ina aikin asibiti na lura da abu guda. Yara biyu sukan faɗi rana ɗaya, wani ya tashi ya kaɗe jiki ya koma wasa, wani a kawo mana shi a amalanke. Galibi abu biyu ne ke raba su: tsawon wurin da yaro ya faɗo, da irin ƙasar da ta tarbe shi.

Ku ɗauki tsawo tukuna. Yaron da ya faɗo daga mita 3 yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 28 cikin awa. Wanda ya faɗo daga mita 5, gudunsa ya haura kilomita 35. Wato kamar a ɗora shi bisa kabu-kabu a nufi bango da shi. Shi ya sa masana suka ba da shawara abin hawa na ƙananan yara kada ya wuce mita ɗaya da rabi, misalin kafaɗar namiji babba da ɗan ɗoriya. Mai walda kuwa in ba a gaya masa ba, dogo zai yi, don dogo ya fi kyaun gani.

Sai ƙasa. Siminti ba ya lotsawa. In kan yaro ya bugi siminti, kan ne zai lotsa. Haka fako, haka tsakuwa da jar ƙasar da aka daddale. Filin lakwal ɗinmu ma, kun sani, ƙafar yara ta tattake shi har ya zama kamar daɓe. Rairayi shi ne ke karɓar nauyin yaro ya sassauta bugun. A ƙasashen Turai kuɗi suke sawa su sayi abin da za su zuba ƙarƙashin lilo, mu kuwa ga shi kwance a gulbi, ba mai hana mu ɗiba. Sai dai a yi shi yadda ya kamata. A haƙa wurin, a cika shi da rairayi zurfin santimita 30, misalin taƙi ɗaya da rabi. A zuba shi mita 2 ta kowane gefe. Gaba da bayan lilo kuma ya kai ninki biyu na tsawon ƙarfen sama, domin yaro ba ƙarƙashin lilo yake faɗuwa ba, cilla shi lilon ke yi. Kuma rairayi yana guduwa. Ƙafa na kwashe shi daidai wurin da aka fi bukatarsa, ruwan damina na danƙare shi. Dole a sami wanda zai riƙa bi da hauya yana tayar da shi, yana tsince kwalba da ƙusa da ƙaya.

Da sauran ƴan abubuwa da za a gaya wa mai walda. Mazaunin lilo kada ya zama katako mai nauyi ko ƙarfe, don shi ke fasa goshin ƙaramin da ya gifta. A yi shi da tsohuwar taya, a huda ƙasanta kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Tsakanin ƙarafa kada a bar tazarar da jikin yaro zai wuce kansa ya maƙale: ko ta gaza santimita 9, ko ta wuce 23. Kada a bar igiya tana reto inda za ta naɗe wuya. Abin zamiya kuwa a kafa shi a inuwa, don ƙarfen da ya sha ranar bazara yana ƙona cinya kamar tanda.

Kada wani ya ce ƙaramar magana ce na tara manya a kanta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2021 mutum kimanin dubu 684 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali ne. A rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2008, ta ce yara da matasa ƴan ƙasa da shekara 20 da faɗuwa ke kashewa a shekara sun kusa dubu 47.

Amma in faɗi gaskiya, yaran da na ɗaure wa karaya ba daga lilo suka faɗo ba, tun da ba mu da shi. Filin wasan ɗan ƙauye ai itace ne, da katanga, da bayan jaki, da bakin rijiya. Lokacin mangwaro ya yi, sai mu shirya, mun san za a kawo su. Kuma ba koyaushe wasa ke kai su sama ba. Mu ke aika su. Je ka kaɗo wa tumaki gawo, je ki tsinko kuka. Yaron shekara bakwai ba ya sanin reshen da ya bushe ko wanda gara ta ci, kuma reshen kuka da na mangwaro ba su da amana. Doguwar gora mai ƙugiya tana yin rabin aikin nan daga ƙasa. Wanda ya rage, babba ya hau. Rijiyar lambu da ba ta da baki, da tsohuwar rijiyar da aka daina sha, wannan ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san inda suke.

Yanzu na zo wurin da ya fi damuna, wato abin da muke yi bayan yaro ya faɗi.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Shekararsa bakwai, ya faɗo daga mangwaro ya dafa ƙasa da hannu, ƙashin ya karye sama kaɗan da gwiwar hannu. Irin wannan karaya ta yi yawa ga yara masu wannan shekaru, kuma a asibiti ana gyara ta. An kai shi wurin maɗori, aka jera kara, aka ɗaure tam. Dare biyu yaron yana kuka, ana ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Ran na huɗu aka kawo mana shi, yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi, wari ya fara. Muka tura shi babban asibiti, can aka yanke hannun. Hannun dama ne.

Ku ji yadda abin yake faruwa. Hannun da ya karye kumbura yake yi, kwana ɗaya zuwa biyu yana ƙaruwa. In an ɗaure shi tam, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini daga ciki. Naman da jini bai kai masa ba, cikin misalin awa 6 ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Saboda haka duk wanda ke da yaro mai ɗori, ko na gida ko na asibiti, ya riƙa duban yatsu. In ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in an miƙe masa yatsa ya ƙwala ihu, in yatsun sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin nan take a kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ban zo in ci mutuncin maɗora ba. Ni kaina maɗori ya gyara mini targaɗe ina yaro, kuma na san gado ne mai daraja. Abin da nake roƙo, mai gari ya kira su a zauna a yi yarjejeniya. Karayar da ke kusa da gwiwar hannu, da wadda ƙashi ya huda fata, da ta cinya, waɗannan su tura asibiti a ɗauki hoton ƙashi tukuna. Idon mutum ba ya ganin cikin nama, ko shi wane ne. Muna da Galmi kusa, akwai asibitin Tawa da na Maraɗi. Yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya riga ya warke a karkace, akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, irin aikin da suke yi ke nan.

Sai bugun kai, shi ne mai yaudara. Yaro na iya suma ya farfaɗo, ya ci tuwo, ya yi dariya, alhali jini na taruwa cikin ƙoƙon kansa a hankali. Iyayena mata, ku ne ke kwana da su. In ya yi ta amai, in barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar, in ya yi jijjiga, in jini ko ruwa na fita ta kunne ko ta hanci, in magana ko tafiyarsa ta sauya, kada a jira gari ya waye, kada kuma a ce iskokin itacen ne suka buge shi. Wanda ya faɗi bisa ciki ma a lura da shi. Yaranmu da yawa masassara ta kumbura musu saifa, ita kuwa saifa mai kumburi saurin fashewa gare ta. Ciwon ciki ta hagu, da ƙishirwa, da tafin hannu ya yi fari, alamar jini ne ke zuba a ciki. Wanda kuma ya ce wuyansa ko bayansa, ko ya kasa motsa ƙafa, kada a ɗaga shi a saɓa a kafaɗa, kada a zaunar da shi bisa babur. A cire ƙyauren ɗaki a kwantar da shi a miƙe, mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya juya. Rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. Ƙasa da toka da kashin shanu da wasu ke sawa, hanyar tetanos ce, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Na san abin da ke hana mutane tafiya da wuri. Kuɗi ne, ba rashin so ba. A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma masu hawan itace sun wuce nan, kuma mai mota ba ya yafe nasa. Uban yaron yana Abijan ko Libiya, uwa ba ta da ikon sayar da akuya sai an buga masa waya, waya kuma ba ta shiga. Haka kwana uku ke wucewa. Ku ƴan'uwa matafiya, kafin ku koma bana, kowa ya faɗa wa iyalinsa gaban shaida cewa in yaro ya ji ciwo a kai shi, ba sai an jira izininsa ba.

Ga abin da nake so a jefa ƙuri'a kansa yau. Kuɗin da aka ware wa siminti a ajiye shi hannun ma'aji, ya zama kuɗin motar kai yaro asibiti, iyaye su biya daga baya in sun samu. Masu amalanke kowa ya ba da sawu biyu na rairayi, samari su yi haƙa ranar da ba kasuwa. A roƙi mushen lakwal ya raba lokacin hawa, ƙanana dabam, manya dabam. Rijiyoyin nan biyu na bayan gari kuwa mai gari ya sa ranar da za a rufe su.

Sakatare, ga takardar awon da na rubuta. A kai wa mai walda tun bai yanka ƙarfe ba, a kuma aika ɗaya Abijan su gani.